Gwajin Bilirubin: Yadda Ake Yin Sa da Yadda Ake Karanta Sakamakonsa

Da zarar idon mutum ya yi ruwan ɗorawa, a gida sai a ce shawara ce, a shiga neman jiƙo. A asibiti kuwa abin da likita zai fara rubutawa shi ne gwajin bilirubin, galibi a haɗe da sauran gwaje-gwajen hanta da ake taƙaita sunansu da LFT. Ɗorawar ido alama ce kawai. Mai maleriya, da mai sikila, da mai ciwon hanta nau'in B, da wanda tsakuwa ta toshe wa hanyar matsarmama, duk idonsu kan zama launi ɗaya, amma maganin wannan ba ya yi wa wancan. Aikin gwajin shi ne ya nuna ɓangaren da matsalar take, kuma ba ya iya yin haka sai an ɗebi jinin daidai, an kuma karanta lambobin tare da 'yan uwansu.

Inda bilirubin yake fitowa

Jar ƙwayar jini tana yin kimanin kwana 120 tana aiki. Idan ta tsufa, saifa ce kan farfasa ta. Jiki ya adana sinadarin ƙarfen da ke cikinta don ya sake amfani da shi, ragowar kuma ta zama wani abu mai launin ɗorawa, shi ne bilirubin. Babban mutum yakan samar da miligiram 250 zuwa 300 a kullum, ko da lafiyarsa ƙalau.

A wannan matakin bilirubin ba ya narkewa a ruwa, don haka ƙoda ba ta iya fitar da shi. Furotin ɗin da ake kira albumin ne ke ɗaukar sa zuwa hanta. Can hanta za ta haɗa shi da wani sinadari ya koma mai narkewa, kamar yadda maiƙo ba ya barin kwano sai an sa masa sabulu. Daga nan ya bi ruwan matsarmama ya sauka hanji. Shi ke ba wa bayan gida launinsa na ƙasa-ƙasa, ɗan kaɗan kuma ya koma jini ya ba wa fitsari launinsa.

Ke nan iri biyu ne a jini: wanda bai kai ga hanta ba tukuna, da wanda hanta ta riga ta sarrafa. A takardar lab za a ga na farko an rubuta Indirect ko Unconjugated, na biyu Direct ko Conjugated, jimillarsu kuma Total. A Nijar, da Chadi, da yawancin Kamaru da Faransanci ake rubutawa: libre, conjuguée, totale. Wurare uku abin ke iya lalacewa. Ko jini na fashewa fiye da yadda hanta za ta iya kwashewa, ko hantar ce ta ji ciwo, ko kuma ta yi aikinta amma hanyar fita ta toshe.

Wanda ya kamata a yi wa gwajin

Duk wanda farin idonsa ya yi ɗorawa, ko fitsarinsa ya koma launin baƙin shayi alhali yana shan ruwa sosai, ko bayan gidansa ya yi fari-fari, ko jikinsa ke ƙaiƙayi ba tare da ƙuraje ba. Haka mai ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, da wanda cikinsa ya tara ruwa, da mai shan maganin tarin fuka ko na HIV, da wanda aka sami ƙwayar ciwon hanta a jininsa.

A duba ido da hasken rana. Fitilar ɗaki tana ɓoye launin. Mutane da yawa, musamman masu wuni cikin rana da ƙura, farin idonsu dama yana da duhu-duhu a tsakiya, saboda haka a ɗaga fatar ido ta sama, mutum ya kalli ƙasa, a duba wurin da rana ba ta taɓawa. A duba ƙarƙashin harshe ma. Wanda tafin hannunsa ya yi ɗorawa don yawan cin manja ko karas ko mangwaro, idonsa fari yake tas, wannan ba shawara ba ce.

Mataki na farko: shiri

Gwajin bilirubin shi kaɗai ba ya buƙatar dogon zama da yunwa. Wasu lab sukan ce a yi awa huɗu ba a ci komai ba, don abinci mai maiƙo yana sa ruwan jini ya yi kauri-kauri ya rikita na'ura. Idan an haɗa shi da gwajin suga ko na kitse, to awa 8 zuwa 12 ne, kuma ana iya shan ruwa. Abin da ba a so shi ne a zarce, domin doguwar yunwa da kanta tana ɗaga bilirubin. Mai azumi ya faɗa wa likita yana azumi, kuma in ba gaggawa ba ce gara a ɗebi jinin da safe maimakon dab da magariba.

A bar motsa jiki mai tsanani kwana ɗaya ko biyu kafin gwaji. Ɗaga ƙarfe, da doguwar tsere, har da allurar da aka yi a tsoka, suna ɗaga AST, wani sinadari da ake aunawa a gwajin hanta, ba tare da hanta ta yi komai ba.

Sai magunguna. A tattaro duk abin da ake sha a zuba a leda a tafi da shi: na asibiti, na kemis, jiƙo, tsimi, maganin ƙiba, maganin ƙarfin maza, kayan mata, shayin rage tumbi. Nan ne marasa lafiya suka fi ɓoye wa likita gaskiya, don kunya ko gudun faɗa, kuma sau da yawa nan amsar take. Rifampicin na tarin fuka yana ɗaga bilirubin, yana kuma mai da fitsari ja-ja. Atazanavir na HIV yana sa ido ya yi ɗorawa alhali hanta lafiya lau. Isoniazid da pyrazinamide da ketoconazole na sha suna iya ji wa hantar ciwo da gaske. Kada mutum ya dakatar da maganin da likita ya ɗora shi a kai don zai yi gwaji, faɗa kawai ake so ya yi.

Mataki na biyu: ɗibar jini

Ga babba, mililita 3 zuwa 5 ake ɗiba daga jijiyar lanƙwasar hannu, a zuba a kwalba mai jan murfi ko ruwan gwal, wani lokaci mai koren murfi. Ma'aikaci zai ɗaure damtse, kuma bai kamata ɗaurin ya wuce minti ɗaya ba. Zai goge wurin da sifirit ya bari ya bushe kafin ya soka allura. In da sirinji ya ɗiba, ya cire allurar kafin ya zuba jinin a hankali ta gefen kwalba. Tura jini da ƙarfi ta bakin siririyar allura, ko girgiza kwalba, yana farfasa ƙwayoyin jini. Idan haka ta faru, ruwan da ya kamata ya fito fatsi-fatsi sai ya fito ja-ja, lissafin bilirubin ya ɓaci, AST da potassium su hau na ƙarya. Lab na ƙwarai ba ya aiki da irin wannan jinin, zai ce a sake ɗiba. Wanda aka ce wa haka kada ya ji haushi, gata aka yi masa.

Kafin a bar wurin, a tabbata an rubuta suna da lamba a jikin kwalbar a gaban mai jinin. A danne wurin allurar da auduga minti biyu zuwa uku, hannu a miƙe.

Mataki na uku: daga hannu zuwa na'ura

Wannan matakin ne aka fi sakaci da shi. Haske yana lalata bilirubin. Kwalbar da aka bari a rana tsaye na iya rasa kusan rabin abin da ke cikinta cikin awa ɗaya. A asibitocinmu kuwa sau da yawa ɗan uwan majinyaci ake miƙa wa kwalbar, ya ratsa harabar asibiti da ita a hannu da tsakar rana, ya tsaya layin biyan kuɗi, wani lokaci ma ya hau adaidaita ya kai ta wani lab a cikin gari. Sakamakon da zai fito zai nuna ƙasa da gaskiya, kuma ga jariri wannan ragin na iya sa a sallame shi alhali yana buƙatar kwanciya.

Maganin abin ba shi da tsada. A naɗe kwalbar da takardar alminiyam, ko a sa ta cikin ambulan mai kauri ko baƙar leda, a riƙe ta a tsaye, a kai ta kai tsaye. Kada a ajiye ta a gaban mota kusa da gilashi, kada kuma a ɗora ta a kan ƙanƙara. A lab za a bar jinin ya daskare kamar minti 30, a juya shi a na'ura kamar minti 10 don ruwan ya rabu da ƙwayoyin, sannan a auna. In ba za a auna nan take ba, ruwan da aka raba ake sa wa a firji, digiri 2 zuwa 8, cikin duhu. Galibi sakamako kan fito a ranar. Na jariri kuwa ya kamata ya fito cikin awa ɗaya ko biyu, a kuma faɗa wa ma'aikatan lab cewa na gaggawa ne.

Mataki na huɗu: karanta takardar

Kafin a kalli lamba, a kalli ma'aunin da ke gefenta. Uku ne ke yawo. Yawancin lab a Najeriya da Ghana µmol/L suke amfani da shi, wasu mg/dL, na ƙasashen da ke amfani da Faransanci kuma sukan rubuta mg/L. Ana ninka mg/dL sau 17.1 a sami µmol/L. Shi kuwa mg/L, a raba shi gida goma a sami mg/dL. Wanda ya yi gwaji a Maraɗi ya ga 12, ya zo Katsina aka ɗauka mg/dL ne, za a zaci yana cikin haɗari, alhali 1.2 ne, lafiyarsa ƙalau.

Ga babba, jimilla kan tsaya tsakanin 5 da 21 µmol/L, wato 0.3 zuwa 1.2 mg/dL. Direct kuma bai cika wuce 5 µmol/L ba. Kowane lab yana buga nasa iyakokin a gefen takarda, da su za a yi aiki. Ido ba ya fara nuna launi sai jimilla ta kai wajen 45 zuwa 50, saboda haka mutum na iya ninka adadin lafiya sau biyu idonsa na nan fari.

Daga nan sai a raba. Idan Total kaɗai aka rubuto, gwajin bai cika ba, a nemi Direct. A ɗauki mutum biyu, kowanne jimillarsa 68. Na farko Direct ɗinsa 7, ke nan 61 duk wanda bai shiga hanta ba ne. Na biyu Direct ɗinsa 50. Lambar sama ɗaya ce, amma na farko jininsa za a bincika, na biyu hantarsa da hanyar matsarmamarsa. A ƙa'idar da aka saba, in Direct bai kai kashi 20 cikin ɗari na jimilla ba, matsalar tun kafin bilirubin ya isa hanta take. In ya haura rabi, tana cikin hantar ko a hanyar fita daga gare ta. Fitsari ma shaida ne: wanda hanta ta sarrafa ne kaɗai ke iya fita ta ƙoda, shi ya sa tsinken gwajin fitsari ke nuna bilirubin ga na biyu, ba ya nunawa ga na farko.

Idan Indirect ne ya hau

Tambaya ta farko ita ce ko jini na fashewa. Likita zai nemi PCV, wato ma'aunin yawan jini, da cikakken ƙidayar jini, da ƙidayar sababbin ƙwayoyin jini, da gwajin maleriya, da jinotayif. Maleriya ce kan gaba a yankinmu, musamman da damina. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, bilirubin sama da 50 µmol/L tare da ƙwayoyin maleriya masu yawa a jini alama ce ta maleriya mai tsanani, wadda allurar artesunate da gadon asibiti take so, ƙwayoyin kemis ba sa riƙe ta.

Mai sikila dama idonsa kan kasance da ɗan launi kullum. Abin da zai taimake shi shi ne ya san lambarsa ta lokacin da yake lafiya, ya ajiye takardar, don da ita za a gane ranar da abin ya wuce na kullum. Masu sikila suna yawan samun tsakuwa a matsarmama tun suna ƙanana, don haka in Direct ɗinsu ya fara hawa, a yi sikanin ciki.

Akwai kuma ƙarancin sinadarin G6PD mai kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa, wanda ake gado, ya fi kama maza, kuma ya yawaita a Afirka ta Yamma. Mai shi lafiyarsa ƙalau har ranar da ya sha primaquine ko dapsone ko nitrofurantoin, ko ya shaƙi kafur ɗin da ake sa wa cikin kaya. Kwana ɗaya zuwa uku sai fitsari ya yi baƙi, jini ya sauka. Gwajin G6PD da aka yi ana tsakiyar fashewar jini na iya fitowa lafiya na ƙarya, sai a maimaita bayan kamar wata uku.

In kuwa jini cike yake, sauran gwajin hanta duk daidai, Indirect ne kawai ya ɗan ɗaga, yawanci yanayin da ake kira Gilbert ne. Gado ne, yana tare da mutane kaɗan a cikin kowane ɗari, kuma ba cuta ba ce. Hantarsu tana da ɗan nawa wajen sarrafa bilirubin, sai idonsu ya ɗan yi launi lokacin azumi, ko zazzaɓi, ko gajiya, ya koma da kansa. Lambar ba ta cika wuce 70 ba. Samari da yawa sun sha jiƙo iri-iri sun kashe kuɗi a kan wannan, alhali ba ya buƙatar magani ko ɗaya.

Idan Direct ne ya hau

Nan sai a dubi sauran layukan takardar. ALT da AST suna zuba cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun ji ciwo, iyakarsu wajen 40 a yawancin lab. ALP da GGT suna hawa idan ruwan matsarmama ya kasa wucewa. A duba wanne ya fi ninka iyakarsa.

In ALT ne ya yi sama, ya kai ɗaruruwa ko ya haura 1,000, ana zargin ƙwayoyin cutar hanta nau'in A, B, C ko E, ko guba daga magani. Paracetamol na cikin manyan masu laifi. Iyakar babba giram 4 ne a awa 24, wato ƙwaya takwas ta miligiram 500, kuma yana ɓoye a cikin magungunan mura da na ciwon jiki da ake haɗawa a kemis. In AST ya ninka ALT sau biyu, giya ce abin tambaya. Nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa suke zuwa. An ga ɓarkewar nau'in E a Diffa ta Nijar da Ngala ta jihar Borno a 2017, kuma mata masu ciki ya fi yi wa illa, don haka mai ciki da idonta ya yi ɗorawa ba ta jiran ranar awo. Zazzaɓi mai zafi da ɗorawar ido ta biyo baya cikin mako biyu kuma na iya zama shawarar da sauro ke yaɗawa, irin wadda ta ɓarke a Alƙaleri ta jihar Bauchi a 2019. Wannan dole a sanar da jami'an lafiya.

In ALP da GGT ne suka yi sama, ga ƙaiƙayi, ga farin bayan gida, to toshewa ce, kuma mataki na gaba sikanin ciki ne, a yi shi bayan awa shida zuwa takwas ba a ci abinci ba don matsarmama ta cika ta fito sosai. Tsakuwa takan zo da ciwo mai murɗa. Dattijon da idonsa ke ƙara ɗorawa a hankali, babu ciwo, yana ramewa, shi ne wanda ya fi buƙatar gaggawa, domin ƙari a fankiriyas ko a hanyar matsarmama haka yake zuwa. A lura, ALP yana hawa ga yara masu girma saboda ƙashi, da masu ciki saboda mahaifa. GGT ne ke raba gardama.

Ba a jiran wani sakamako idan ɗorawar ido ta haɗu da ɗaya daga cikin waɗannan: ruɗewa ko yawan barci da rana, aman jini ko baƙin bayan gida, zubar jini daga dasashi, zazzaɓi da rawar sanyi tare da ciwon gefen dama, ko raguwar fitsari. Asibiti mai gado za a nufa a ranar. Mai shan maganin tarin fuka kuma ya koma inda yake karɓar maganin a ranar da ya ga launin.

Bayan an fara samun sauƙi, ALT kan riga bilirubin sauka. Wani ɓangare na bilirubin yana maƙale wa albumin, sai ya ɗauki makonni kafin ya bar jini. Ido na iya zama da launi alhali hanta ta kama hanyar warkewa. A maimaita gwajin a lab ɗaya in da hali, a jera takardun bisa kwanan wata, don inda lambar ta dosa ya fi lambar rana ɗaya amfani. Shan rake da gulukos ba ya wanke hanta, kuma jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba ƙarin kaya ne a kan hantar da ke fama.

Sakamako mai kyau ba shaidar lafiyar hanta ba ne

Hanta tana da juriya ƙwarai. Tana iya lalacewa shekara da shekaru tana fitar da bilirubin daidai, sai ta kusa gazawa lambar ke motsi. Wani binciken lafiya na ƙasa baki ɗaya da ake kira NAIIS, na 2018, ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C. Mafi yawansu idonsu fari, bilirubin ɗinsu daidai. Gwajin HBsAg na nau'in B da na anti-HCV na nau'in C ne kawai ke gano su, kuma kowane baligi ya kamata ya yi su ko sau ɗaya, balle wanda aka taɓa yi wa ƙarin jini, ko tsaga, ko ƙaho, ko wanda wani a gidansu ya rasu da ciwon hanta. Wanda ba shi da nau'in B ya yi rigakafi, allura uku ne. Wanda ke da shi ana bin sa da ALT, da ƙidayar ƙwayar cutar, da sikanin ciki, kuma tenofovir yana danne ta ga wanda ya cancanci magani. Nau'in C yana warkewa da ƙwayoyi na mako 12 ga fiye da kashi 95 cikin ɗari.

Masu nuna ƙarfin aikin hanta na gaskiya su ne albumin, wanda ya kamata ya kasance 35 zuwa 50 g/L, da INR mai auna daskarewar jini. Raguwar ƙwayoyin platelet masu tsayar da zubar jini ma takan riga komai nuna cewa hanta ta fara ƙanƙancewa.

Jarirai: a nan ana lissafi da awa

Kimanin jarirai 6 cikin 10 da suka cika wata tara, da 8 cikin 10 na bakwaini, suna yin shawara a makon farko. Jininsu yana da yawa, ƙwayoyinsa ba sa daɗewa, hantarsu kuma ba ta gama nuna ba. Yawanci tana bayyana a kwana na 2 ko na 3, ta kai ƙarshen hawanta tsakanin kwana na 3 da na 5, ta sauka da kanta. Haɗarin shi ne bilirubin da hanta ba ta sarrafa ba yana iya ratsawa ƙwaƙwalwar jariri in ya yi yawa, ya bar shi da kurumta, ko sanƙarewar gaɓoɓi, ko ya yi ajalinsa. Ɓarnar ba ta gyaruwa, amma ana iya hana ta gaba ɗaya.

Kwanakin da abin ke hawa su ne daidai kwanakin da mai jego ke cikin ɗaki, labule a sake, jariri a naɗe cikin zani da hula, ana jiran suna. Kafin kwana bakwai lokaci ya riga ya ƙure wa wasu. Don haka kullum da safe a fito da shi bakin ƙofa inda haske yake, a buɗe jikinsa, a danna goshinsa ko kan hancinsa da yatsa a saki, a ga launin da ke ƙasa. A duba dasashi da farin ido. Launin daga kai yake farawa ya gangara. In ya kai cibiya a tafi asibiti, in ya kai tafin hannu ko tafin ƙafa gaggawa ce. Ido dai ba ya auna lamba, musamman a baƙar fata, don haka duk jaririn da aka ga launi a jikinsa a auna shi.

Ana iya fara aunawa da na'urar da ake ɗorawa a goshi ko ƙirji. In ta nuna sama da 250 µmol/L, ko jaririn bai cika awa 24 ba, ko bakwaini ne, sai an ɗebi jini, daga gefen dunduniya ko bayan hannu. In yana ƙarƙashin fitilar da ake maganin shawara da ita, a kashe ta lokacin ɗiba. A faɗa wa likita ranar haihuwa da ƙarfe nawa, don da awa ake karanta lambar. A jadawalin hukumar NICE ta Ingila, ga jaririn da ya kai mako 38 a ciki, ana kunna fitila in lamba ta wuce 200 µmol/L a awa 24, ko 250 a awa 48, ko 300 a awa 72, ko 350 daga awa 96. In ta haura 450 bayan kwana biyu, ana shirin musanya masa jini. Ga bakwaini da marar lafiya iyakar ta fi haka ƙasa. Shawarar da ta fito a awa 24 na farko kuwa, ko nawa ne lambar, ba ta lafiya ba ce. Galibi rashin jituwar jinin uwa da na ɗa ne, uwa mai rukunin O ko mai Rh negatif.

Fitilar shuɗiya ce, tana sauya bilirubin a fata ya fita ba sai ya bi ta hanta ba. Jariri zai kwanta daga shi sai kunzugu, idonsa a rufe, a ci gaba da ba shi nono. Ana sake gwaji bayan awa 4 zuwa 6, sannan bayan an kashe fitila a sake bayan awa 12 zuwa 18 don lambar kan ɗan dawo. Shanya jariri a rana ba ya maye gurbin wannan, yana ƙona fata ya ƙarar da ruwan jiki. Ruwan gulukos da ɗigon Ampiclox ba sa rage komai, lokaci kawai suke ci. Abin da ke taimakawa a gida shi ne nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, tun daga dakashi, don shi ke tura baƙin kashin farko waje. A raba kayan jariri da kafur, kada a shafa masa man mantoleta a cibiya, kada a sa masa lalle, domin ba a san ko yana da ƙarancin G6PD ba. Jaririn da ya daina kama nono, ko ya yi laushi, ko yake kuka mai tsini, ko yake banƙarewa baya, a tafi da shi ko tsakar dare ne.

Sai shawarar da ta ƙi tafiya. In ta wuce kwana 14 ga cikakken jariri, ko kwana 21 ga bakwaini, a sake gwaji, kuma wannan karon dole a nemi Direct. Da yawa daga cikinsu shawarar nono ce marar illa, ba a kuma yaye yaro saboda ita. Amma in Direct ya wuce 25 µmol/L, ko kashin jariri ya yi fari-fari, ko fitsarinsa na rina zani, ana zargin an haife shi da toshewar hanyar matsarmama. Aikin tiyatar da ake yi wa wannan, wanda ake kira Kasai, ya fi yin nasara idan an yi shi kafin yaro ya cika kwana 60, don haka a nemi takardar tura shi asibitin koyarwa a makon da aka gano. Uwar da aka samu tana da Rh negatif kuma a yi mata allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa in jaririn Rh fositif ne, a rubuta mata a katin awo don cikin da zai biyo baya.